Babi na Shida: Abin da Ruwa Ya Riƙe

Kogin Binuwai fuska biyu gare shi, kuma duk mai tsallake gadar Jimeta zuwa Vinikilang da Girei ya san su. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ne ja, mai faɗi, mai ƙarfin gaske, yana tafe da itatuwa da ciyayi da duk abin da ya tsinto tun daga Kamaru. Daga Fabrairu zuwa Mayu kuwa sai ya tsuke tsakanin tsibiran yashi, har shanu su ratsa wasu wuraren da ƙafa. A babin da ya gabata mun bi kogin ta sama, mun ga masu fito da masunta da manoman rani. A wannan babi ƙasa za mu yi, mu duba abin da ruwa ke yi da jirgin da ya haɗiye, da halittun da ke tarewa a cikinsa, da mutanen da ke bin sa har can.

Zamanin jiragen hayaƙi

Yaron da ya tashi yau a Damare ko Labondo zai ɗauka kwale-kwale ne kaɗai ya taɓa bin wannan kogi. Ba haka abin yake ba. Binuwai, mai tsawon kimanin kilomita 1,400 daga tsaunukan Kamaru zuwa mahaɗarsa da Kwara a Lokoja, ya daɗe yana zaman babbar hanyar shiga Fombina, ƙasar Lamidon Yola. A watan Yuni na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdul Karim, ya tsallake shi a inda ya haɗu da Faro, ya shiga Yola, Lamido Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Wannan Lamidon ne ya mai da Girei ribaɗi lokacin da yake fama da mutanen dutsen Bagale. Labarin da Barth ya aika gida, cewa ga wani babban kogi da jirgi zai iya bi, shi ya sa a 1854 aka turo jirgin hayaƙi mai suna Pleiad ƙarƙashin Dakta William Baikie. Ya hauro Binuwai har ƙasar Muri, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa ko mutum ɗaya ba, saboda ya sa mutanensa shan kwinin kullum.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, ya kawo hajarsa Yola, amma ya daɗe yana ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a ruwa, domin Lamido bai sake masa fuska ya kafu a tudu ba. Da lokacin yaƙi ya zo, ta ruwan aka biyo. Jiragen hayaƙi ne suka kawo sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland da cikar kogi, suka ci Yola ranar 2 ga Satumba 1901, Lamido Zubairu ya fice. Shekaru da yawa bayan haka, kowace damina jirage na janyo manyan kwale-kwalen ƙarfe daga Burutu, ɗauke da gishiri da siminti da man fetur zuwa Jimeta da Garwa, su koma da gyaɗa da auduga. Sana'a ce ta gaggawa, don 'yan watanni ne kawai ruwan ke ɗaukar jirgi, kuma matuƙin da ya yi jinkiri sai ya kwana a kan yashi. Titunan mota, da cikewar kogin da yashi, da dam ɗin Lagdo da aka gama a 1982, su suka taru suka kashe wannan zirga-zirga.

Jirgin da dutsen Jebba ya ci

Sanannen jirgin da ya nutse a kogunan Arewa yana da alaƙa da Baikie ɗin nan. A 1857 ya dawo da wani jirgin mai suna Dayspring, tare da Samuel Ajayi Crowther da John Glover, wanda daga baya ya yi gwamnan Legas. Wannan karon Kwara suka bi. A watan Oktoba, daf da babban dutsen nan na Jebba, ruwa ya fi ƙarfin injin, ya maka jirgin a kan wani dutse da ke ɓoye. Mutanen sun tsira, suka kafa bukkoki a bakin kogi, suka yi kusan shekara kafin jirgin Sunbeam ya zo musu a 1858. Baikie bai koma gida ba. Ya zauna a Lokoja, ya yi rubuce-rubuce da Hausa, ya rasu a Saliyo a 1864.

Abin da ya rage na Dayspring shi ne wasu ƙarafan injinsa da aka ciro daga baya aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, kuma suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Sauran jikinsa ruwa ya gama da shi. Wannan ita ce ɗabi'ar kogunanmu. Ruwan ɗumi ne, ƙwayoyin halitta masu cin katako suna aiki a cikinsa dare da rana. Ruwan gudu ne, yashin da yake ɗauke da shi yana goge duk abin da ya tsaya masa a hanya. Sannan kowace shekara ambaliya na zuwa ta karya, ta watsa, ta binne. Jirgin da ya nutse a tsakiyar Binuwai ko Kwara ba ya daɗewa a siffarsa.

Inda sanyi ke adana katako

A ƙasashen sanyi labarin dabam ne. Ranar 10 ga Agusta 1628 jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya tashi daga Sitokhom a tafiyarsa ta farko, ɗauke da igwa 64. Samansa ya fi ƙasansa nauyi. Bai yi kilomita ɗaya da rabi ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a zurfin mita 32. Da aka ɗago shi a 1961, bayan shekara 333, sai ga shi kusan cikakke, har da sassaƙe-sassaƙen jikinsa. Dalili kuwa, akwai wata halitta a teku mai siffar tsutsa da ke yi wa katako abin da gara ke yi wa azara, to ba ta jin daɗin tekun Baltik saboda gishirinsa kaɗan ne. Ga sanyi da duhu da ƙarancin iskar shaƙa a ƙasan ruwan, waɗanda ke rage ruɓewa.

Wanda ya fi kusa da abin da muka sani shi ne jirgin Sweepstakes na Kanada, don shi a ruwan daɗi yake, ba a teku ba. Jirgin katako ne mai filafilai, tsawonsa kimanin mita 36, an ƙera shi a 1867. A 1885 yana ɗauke da kwal ya yi karo, aka janyo shi zuwa wata 'yar kusurwa kusa da garin Tobermory a tafkin Huron, ya nutse a nan. Zurfin wurin kimanin mita 6 ne, ruwan kuma garai-garai yake, har wanda ke cikin jirgin yawon buɗe ido yana hango shi daga sama. Tun 1987 yankin ya zama gandun ruwa na ƙasa mai suna Fathom Five, inda aka haramta ɗaukar ko ƙusa ɗaya. Ɗan ƙaramin gari ne, amma waɗannan matattun jirage suna kawo masa baƙi kowace shekara, masu masauki da masu abinci da masu hayar kayan nutso duk suna samu.

A arewacin Sikotland kuwa akwai mashigin Scapa Flow. Ranar 21 ga Yuni 1919 kwamandan Jamus, Ludwig von Reuter, ya ba da umarni a nutsar da jiragen yaƙinsa da Birtaniya ke tsare da su. Cikin 74, guda 52 suka tafi ƙasa. An ciro mafi yawansu don ƙarfe, manya bakwai suna nan har yau, wasu a zurfin da ya haura mita 40. A gefen mashigin akwai tsofaffin jiragen da Ingilishi suka nutsar da gangan don toshe hanya, su kuma a ruwa marar zurfi suke, nan ake kai 'yan koyo. Akwai kuma wanda ba a zuwa kusa da shi, wato Royal Oak, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harba a Oktoban 1939 ya tafi da mutum fiye da 800. Doka ta ɗauke shi maƙabarta.

Mai nutso da ya sauka kan irin waɗannan jirage da wuya ya ga ƙarfe tsirara. Ƙasan teku yawancinsa laka ce da yashi, babu wurin kamawa, saboda haka duk wani abu mai tauri da ya faɗo ana rububinsa. Gansakuka ce ke fara sauka. Sai ƙananan halittu masu ɓawo su manne. Inda haske ke kaiwa, dogayen ciyayin teku su tsiro, inda duhu yake kuma wasu farare da ruwan goro masu siffar fure su lulluɓe bango, alhali dabbobi ne masu tace abinci daga ruwa. Ƙaguwa da manyan jatan lande su shige ƙarƙashin faranta, wani dogon kifi mai siffar maciji ya mallake bututu, garken ƙananan kifaye su yi ta shawagi a sama, manya na fakon su. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iskar shaƙa, tekun arewa kuma cike yake da abinci, shi ya sa jirgin da aka ƙera don kisa ke komawa gidan dubban rayuka. Ba kowane baƙo ne alheri ba. A manyan tafkunan Kanada da Amurka wata 'yar halitta mai ɓawo mai zane-zane ta shigo cikin ruwan jiragen Turai a wajajen 1988, ta yaɗu, tana tace ruwa ya ƙara haske, amma tana rufe katakon jiragen tana lalata shi.

Yadda ake shiga da tukunyar iska

Nutso da tukunyar iska, wanda ake kira sukuba, ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da matsin ruwan da yake ciki. Mutane da yawa sun ɗauka zallar iskar oksijin ce a tukunyar. Iskar da muke shaƙa ce, aka tace ta aka matsa ta ninki 200, ta yadda tukunya mai cin lita 12 ke ɗaukar kimanin lita 2,400. Sauran kayan su ne gilashin fuska, da faffaɗan takalmin roba, da rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi, da ɗamarar darma, da agogon da ke nuna zurfi da lokaci da sauran iska, da wuƙa.

Lissafin da rai ya rataya a kansa ɗaya ne. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Saboda haka tukunyar da za ta kai mutum kusan awa ɗaya a mita 10 ba za ta kai shi fiye da rabin haka ba a mita 30. Sannan iskar da aka shaƙa a ƙasa tana kumbura idan aka taso. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya yo sama, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, huhu ya yage. Ko daga mita biyu hakan na iya yin lahani. A lura, mafi girman canjin yana cikin mita goman farko ne, don haka rashin zurfi ba ya nufin rashin haɗari.

Wannan batu ya shafi mutanenmu kai tsaye. Mai nutson gargajiya ya ginu ne a kan riƙe numfashi, tun yana yaro abin da jikinsa ya koya ke nan, kuma a gare shi daidai ne, tun da iskar tudu ya sauka da ita. Ranar da aka goya masa tukunya, doka ta juye: ba a riƙe numfashi ko sau ɗaya. Gwanin ruwa da ba a koya masa wannan ba ya fi ɗan koyo shiga haɗari, domin idan ya firgita jikinsa tsohuwar al'ada zai koma.

Haɗari na biyu shi ne iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka taso da sauri sai ta fito ƙwayoyi-ƙwayoyi a cikin jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, a kuma tsaya minti uku a mita 5. Takardar shaidar horon nutso ta farko ba ta ba mutum izinin wuce mita 18, kuma ba a shiga sai da abokin tafiya.

Na uku shi ne sanyi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki da sauri fiye da iska kusan sau 25. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 yatsu su sandare, tunani ya rikice. A Scapa Flow, inda ruwa ke sauka ƙasa da digiri 10 da hunturu, rigar da ba ta barin ruwa ya taɓa fata ake sawa, da kayan ɗumi a ciki. Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. Masuncin da ya shiga Binuwai da asubar Janairu, hazo ya rufe dutsen Bagale, ya fito iska na bugun jiƙaƙƙen jikinsa, ya san yadda haƙora ke kaɗawa. Ruwan da ba a kira shi mai sanyi ba ma yana galabaitar da wanda ya daɗe a ciki.

Cikin jirgin kansa wani tarko ne. Ƙafa ɗaya ta motsa laka, ɗakin ya yi duhu, hanyar fita ta ɓace. Ga ƙarafa masu kaifi, ga tsofaffin raga da ƙugiya da suka sarƙafe. Masu shiga ciki horo na dabam suke yi, kuma da igiya suke tafiya tun daga ƙofa.

Mazauna ƙasan Binuwai

Abin da masana ke faɗa game da jiragen Scapa Flow, masuntan Jimeta da Numan sun san shi tun kaka da kakanni. Inda kututture ya kwanta ko kwale-kwale ya nutse, nan kifi yake. Ruwa na rage gudu a bayan abin, yana haƙa rami a gefensa, gansakuka da tsutsotsin ƙwari da dodon koɗi su taru, sai masu cin su su biyo. Shi ya sa mai birgi ke ƙin wurin don kada ragarsa ta yage, mai mamari da mai gura kuwa nan suke nema.

Kurungu ne ya fi son irin wannan maɓoya. Idan aka kama shi sai ya miƙe ƙayoyinsa ya kulle su, wasu ire-irensa kuma a rigingine suke iyo, suna kiwo a ƙarƙashin itace. Ragon ruwa da tarwaɗa da ramboshi suna laluben abinci da gashin bakinsu cikin dare. Minjirya na kwanciya a rami da rana, kuma babbarta tana sakin wutar da ta kai bolt 300, abin da ya sa gwani ba ya cusa hannu a kogo da garaje. Giwan ruwa yana laɓewa a inuwa yana jiran karfasa da kawara su gifta, kuma a manyan ruwayen Afirka an kama wanda ya kusa mita biyu. Tsage kuwa a bakin igiyar ruwa yake farauta, da haƙoransa a waje.

Akwai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya nuna cewa wannan kifi yana fitar da 'yar wuta mai rauni ba ƙaƙƙautawa, daga baya kuma ya tabbatar cewa da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a ruwan da ido ba ya aiki. Daga kifin kogunanmu kimiyya ta fara fahimtar wannan baiwa. Ta biyu kunamar ruwa, faffaɗar halitta mai dafi a wutsiya wadda ke binne kanta a yashi. Danginta yawancinsu a teku suke, amma ita a ruwan daɗi take, kuma a 1962 masana suka bayyana ta daga samfurin da aka kama a Binuwai wajen Garwa, sunan garin ma aka sa mata. Yanzu tana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Haka ayu, mai shayarwa, mai cin ciyawa, wanda farauta da raga da raguwar ruwa suka tasa gaba duk da doka ta hana kashe shi. Ga dorina da kada a wasu gurabun, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan kwance inda dodon koɗi ya yi yawa. Mai shiga wannan kogi da maƙwabta da yawa yake hulɗa.

Abin da yashi ya ɓoye

Kogin da ke karya jirgi shi ne kuma ke binne gutsattsarinsa, kuma abin da laka ta rufe ta hana shi iska yana iya daɗewa fiye da wanda sanyi ya adana. Hujjar tana Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale na itace ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura mita 8. Awon da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana cikin mafiya tsufa a duniya, kuma yanzu yana Damaturu. Idan aka jera shi da Vasa, Vasa jariri ne.

To a nan bambancin yake. Na ƙasashen sanyi a fili suke, mai gilashi da fitila zai gan su. Namu a ƙarƙashin yashi da jan ruwa suke, sai mai haƙa da mai lalube. Wanda zai fara taɓa irin wannan abu a Girei ko Fufore ba farfesa ba ne. Mai haƙar yashi ne, ko mai gina rijiyar lambu a fadama, ko masuncin da ya nutsa don kwance ragarsa. Idan bai san darajarsa ba, ƙarfen ya tafi wurin 'yan gwangwan, katakon ya shiga murhu. Katakon da ya daɗe a jiƙe ma, da zarar an bar shi a rana sai ya tsattsage ya lalace cikin 'yan kwanaki, don haka taimakon farko da za a yi masa shi ne a bar shi a jiƙe a inda yake, a kai labari.

Masu nutso namu

Gwanaye ba su yi mana ƙaranci ba. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya kafu tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, gasar nutso na cikin wasannin Kabawa, kuma da homa da gora ake fito da giwan ruwa. A nan gida Bwatiye suna da bikin su na tafkin Njuwa, ga Jukunawa da Hausawa masunta a Gerio da sauran gaɓar kogi. Waɗannan mutane sun san ƙasan ruwa da tafin hannu: inda rami yake, inda ruwa ke juyawa, inda ya ci hanya bana. Amma ba a cika tuna su ba sai ranar baƙin ciki. A watan Satumba na 2023, cikin 'yan kwanaki, kwale-kwale ya kife a Njuwa, wani ya kife a Gurin ta Fufore, aka yi asarar rayuka. A irin wannan rana masu nutson gari ne ke faɗawa, ba gilashi, ba igiya, ba rigar kariya, da numfashi ɗaya a jan ruwa mai gudu. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, mu kuwa muna neman su fid da wasu ba tare da mun ba su komai ba.

Wasu kan nemi gajeriyar hanya su haɗa tiyo da injin hura taya. Wannan ganganci ne. Irin wannan inji yana tura hayaƙi da tururin mai cikin huhu, kuma idan ya mutu, iska ta yanke nan take.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin gina gada. Jami'ar Modibbo Adama tana Girei, tana da sashen nazarin kifi, kogin kuma yana ƙofarta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana nan tun 1997, hukumar agajin gaggawa ta jiha tana nan, hukumar gidajen tarihi tana da ofishi a Yola, Najeriya kuma ta amince tun 2005 da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihin ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage shi ne a zauna da sarakunan ruwa, a zaɓi matasa daga kowace mashaya, a koya musu nutso da tukunya da ceto da taimakon farko, a ajiye kaya a inda hannu zai kai cikin minti kaɗan, a kuma biya su. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi haske, su fita da ɗalibai su rubuta inda kowane kututture da nutsattsen kwale-kwale yake, da kifin da ke cikinsa. Taswira ɗaya za ta amfani matuƙi da masunci da mai binciken tarihi. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun mai karatu: kada ka hau kwale-kwalen da aka yi wa lodin wuce kima, kada ka hau da dare, ka nemi rigar kariya ka sa wa yaronka kafin kanka, kuma idan ka ga an tono wani tsohon katako ko ƙarfe a bakin kogi, ka sanar da mai unguwa kafin a sa masa gatari.